Rigar Makokin da Ba a Sa Ba

A watan farko da na fara aiki a gidan tsohuwar nan, sau biyu na ɗauki jakata zan tafi. Aikin kansa bai dame ni ba. Wanka, girki, magani a kan lokaci, riƙe mutum zuwa banɗaki, duk na saba da su, don shekara shida na yi ina kula da tsofaffi a gidajensu tun da muka zo Maryland aka ce takardun koyarwata na gida ba su ci a nan ba. Bakinta ne ya ishe ni. Shayi ya yi zafi, shayi ya huce, na yanka albasa kamar ina fushi da ita, na ja labule kamar mai rufe shago. Ni kuma ba a san ni da haɗiye magana ba. Ranar da ta ce miyata ba ta da gishiri na ce mata likita ne ya hana, in tana da ƙara ga waya nan ta kira shi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, “To, yau dai an aiko mini mai rai.” Daga ranar muka shirya.

Gidan yana Upper Marlboro, a ƙarshen wani layi mai itatuwa da yawa da ƙarancin mutane. Ita kaɗai ce a ciki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo yana can yammacin ƙasar, tafiyar wajen awa shida a jirgi, yana kira kowace Lahadi. Ta doshi casa'in. 'Yar ƙasar Sifaniya ce, daga kudancinta, wurin nan da muka sani a makarantar Islamiyya da sunan Andalus. Ta zo Amurka tana amarya, ta yi shekara talatin da wani abu tana koyar da harshensu a makarantar sakandare. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini yarinya, ni da nake da 'ya'ya uku.

A falo, saman kujerar da take wuni a kai, akwai hoton wani mutum mai faɗin goshi da kaurin gira, yana murmushin wanda ya san ana kallonsa. Na ɗauka mijinta ne a ƙuruciya, har wata rana ina goge gilashin na ce, “Allah sarki, ashe maigidan kyakkyawa ne.” Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. Hoton mijin yana ɗakin kwana, ɗan ƙarami, bayan kwalbar magani. Wannan na falo marubucin waƙoƙi da wasannin kwaikwayo ne na ƙasarsu, kuma daga ranar da na yi wannan kuskure ban sake samun hutu daga labarinsa ba.

Ni ma ba baƙuwar abin ba ce. Kafin mu baro gida, adabin Hausa na koyar a wata makarantar 'yan mata, kuma ni ce mai shirya wasan ƙarshen zango. Da ta ji haka sai ta samu abin da take nema. Idonta ya daina karatu, don haka bayan azahar, in na idar da salla na ba ta abinci, sai ta ce in ɗauko littafin waƙoƙinsa. Da Sifaniyanci nake karanta mata, ba tare da na san me nake faɗa ba, kamar yadda muka fara karatun allo muna yara. Rubutunsu kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, irin na bokonmu, shi ya sa bakina bai sha wuya ba. Takan rufe ido tana bina da leɓe, in na yi tuntuɓe ta ɗaga yatsa. Ta ce a shekara talatin ba ta samu ɗalibin da ya buɗe baki ya faɗi wasali kamar ni ba, duk sai su tauna shi kamar cingam.

Bayan kowace waƙa sai ta fassara mini, kuma gaskiya rabi ban gane ba. Farin wata da doki da wuƙa da ruwan rijiya suna ta yawo a ciki, ba a gaya maka wa ya yi me. Na ce mata a wurinmu mai waƙa yakan faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce shi da tsararrakinsa da gangan suka fasa tsohon ma'auni. Ɗan masu gona ne mai hali, ya tashi a hannun mata 'yan aikin gida, ya kwashe waƙoƙin reno da na biki daga bakinsu, ya haɗa su da abubuwan da sai a mafarki suke haɗuwa. Na ce to, mu ma muna da masu irin wannan, sai dai mukan ce aljanu ne ke ba su. Ta ce ai shi ma kusan haka ya ce.

Wasanninsa su ne suka kama ni. Matan ƙauye ne a ciki, masu takaba, masu jiran haihuwa, masu tsoron bakin maƙwabta fiye da tsoron Allah. Duk na san su. Ɗaya daga cikinsu goggon babana ce sak, har yadda take buga sanda a ƙasa. Mama ta ce ta sa ɗalibanta sun yi waɗannan wasanni shekara da shekaru a zauren makaranta, 'yan mata masu jan farce suna sanye da baƙaƙen mayafai suna ƙunshe dariya. Ta ce shi ma a zamaninsa haka ya yi da ɗaliban jami'a, suka cika babbar mota da katako da kayan wasa, suna bin ƙauyuka suna kafa dandamali a dandali, suna yi wa manoman da ba su taɓa ganin wasa ba kyauta.

Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne. Yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarsu, ya koma garinsu yana ganin can ne mafaka, aka zo aka ɗauke shi daga gidan da ya ɓuya, aka fita da shi bayan gari aka harbe. Bai kai arba'in ba. Har yau ba a san inda aka rufe shi ba. An tona nan, an tona can, ba a samu ba. Ta faɗa mini wannan ya fi sau hamsin, kuma kowane karo in ta zo wurin nan sai ta ɗaga kai ta kalli hoton.

Wata rana na gaji, na ce, “Mama, wai mene ne abin damuwa da kabari haka? Mu a wurinmu ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne da ɗan fasasshen tulu, damina uku ta wuce ya baje. Ƙasa duk ta Allah ce. Mutumin nan littattafansa suna hannun duniya, me ya rage?”

Ta ce, “Mahaifinki yana raye?”

Na ce ya rasu.

“Wa ya wanke shi?”

Na ce ƙannensa biyu da limamin unguwa.

“Wa ya sa shi a ramin?”

Na ce yayyena.

Ta ce, “To kin gani. Ba kwa rubuta suna don kun san hannun da ya sa shi. Je ki ɗakina, ki buɗe durowar kaya, can ƙarshe ta hagu.”

Baƙar riga ce doguwa a cikin ledar masu wanki da guga, mai dogon hannu da ƙananan maɓallai har wuya. Na shimfiɗa mata ita a cinya. A ranar ta gaya mini abin da shekara guda ina gidan ba ta faɗa ba. Mahaifinta kafinta ne a ƙauyensu. Lokacin da motar ɗaliban nan ta zo, shi ya taya su buga dandamali, kuma ya yi ta alfahari da haka a mashaya da bakin coci. Da yaƙi ya zo, tana da shekara huɗu, mutane suka zo shagonsa da hantsi suka ce ya zo ya amsa tambaya. Ya ajiye guduma ya bi su. Ko don yana cikin ƙungiyar ma'aikata ne, ko don dandamalin ne, ko don wani maƙwabci yana son shagon, ba wanda ya taɓa gaya musu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an hana iyalan irin waɗannan mutane sa baƙin kaya. Uwarta ta yi shekara arba'in tana zuwa kasuwa da riga mai fure, tana gaisawa da waɗanda ta san suna cikin waɗanda suka zo shagon suka tafi da shi. A gidansu ba a ambaton sunansa ko da ƙofa a rufe.

Ta ce, “Shi ya sa nake maganar wancan,” ta nuna hoton da haɓa. “Shi ana iya faɗin sunansa a aji. Duk shekara in tsaya gaban yara in ce an ɗauke shi, an harbe shi, ba a san inda yake ba. Suna rubutawa don jarrabawa, ni kuwa ubana nake nufi.”

Rigar ta saye ta ne bayan rasuwar uwarta. Ko a jana'izar mijinta ba ta sa ta ba. Ta ce ta ranar da aka samo mahaifinta ce. 'Yan shekarun baya wasu masu aikin sa kai a can ƙasarsu, masu tona ramukan da aka zuba mutane a lokacin yaƙin, sun aiko mata da ɗan tsinke mai auduga ta goga a cikin kumatu ta mayar musu, don in sun samu ƙasusuwa su gwada. Tun daga nan take jira. Daga ranar da ta nuna mini rigar, duk farkon wata sai ta sa na fito da ita na goge, na duba ko asu ya taɓa, na mayar.

Ni ma ina da nawa, kuma na gaya mata. Yayana da nake bi, direban motar haya ne. 'Yan bindiga suka tare su a hanyar daji tsakanin garinmu da Kaduna, suka shiga da su. Waɗanda aka sako daga baya su suka ce ya rasu a can, zazzaɓi da duka, kuma ba su san inda aka kai shi ba. A lokacin ina da tsohon ciki a nan. Gida suka haɗa baki suka ɓoye mini. In na kira na tambaye shi sai a ce ya yi tafiya, wayarsa ta faɗa ruwa, yanzun nan ya fita. Sai da na haihu na yi arba'in, sannan Goggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Lanham, ta zo da tuwo da miyar kuka a kula, ta tsaya sai da na ci na ƙoshi, ta karɓi jaririyar daga hannuna, sannan ta fara da cewa duk mai rai mamaci ne. Wata uku da rabi ina aika wa mamaci gaisuwa. Na yi fushin da ban taɓa yi ba. Na yi wata biyu ban ɗauki wayar gida ba, na rantse ni ba zan taɓa yi wa wani haka ba.

Mama ta ji wannan duka, ta ce, “Dabbanci ne.” Sai kuma na tsinci kaina ina kare su. Na ce tausayi ne, a wurinmu ba a jefa wa mutum mutuwa kamar dutse, ba a faɗa a waya, ba a faɗa wa mai ciki ko mara lafiya, kuma ba kowa ke faɗa ba, sai babba ko na jiki. Ta ce tausayin da ya sace miki wata uku. Muka bar maganar a nan, kowa da ra'ayinsa.

A shekara ta uku zuciyarta ta fara gazawa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Ta yi kwana tara a asibiti a Largo, ɗanta ya zo ya yi kwana huɗu ya koma. Ranar sallama likitar ta ja ni gefe ta lissafa mini: gishiri babu, hawa bene babu, a auna ta kowace safiya, kuma a guje wa duk abin da zai tayar mata da hankali. Wannan na ƙarshen shi na riƙe da hannu biyu.

Ranar Talata, sati guda da dawowarmu, wajen ƙarfe goma na safe, wayar gida ta yi ƙara a kicin. Ni ke ɗauka dama, don kunnenta na dama ya mutu, na hagun ma sai an matso. Muryar wata budurwa ce daga nesa, da Turanci mai tsalle-tsalle. Ta tambayi Mama da cikakken sunanta na gidan uba, wanda ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba. Na ce ni ce mai kula da ita. Ta ce daga wurin masu tonon nan take. Sun buɗe wani rami a gefen tsohuwar hanyar ƙauyen, sun samu mutane da dama, an yi gwaji, ɗaya ya dace da Mama. Babu shakka, in ji ta. Akwai ramin harsashi a ƙoƙon kai, kuma a inda aljihu yake an samu guntun fensir irin na kafintoci. Muryarta tana rawa, ni na ɗauka kuka take. Yanzu da nake tunawa, murna ce.

Ta ce, “Zan iya magana da ita?”

Na leƙa falo. Tana zaune ido biyu, bargo a gwiwa, bututun iska a hanci, leɓenta ya yi shuɗi-shuɗi. Abin da ya shiga kunnena shi ne gawa, harsashi, ƙoƙon kai, mahaifi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Bakina ne ya ce tana barci, ba ta da lafiya, ɗanta zai kira su. Na rubuta lambar a bayan takardar magani na sa a aljihu.

Da na shigo da shayi ta ce, “Wa ya kira?”

Na ce, “Masu talla ne, wai gyaran rufin gida.”

Ta ce, “Ki ce musu rufin zai riga ni ko ni zan riga shi, duk ɗaya ne.”

Na kira ɗanta da rana. Yana wurin aiki, ina jin hayaniya a bayansa. Ya tambaya ko jikin ne, na ce jiki da sauƙi, amma akwai magana mai muhimmanci da ya kamata ya zo da kansa. Ya ce wace magana? Na ce ba ta waya ba ce. Har shi ma ban faɗa masa ba, don kakansa ne, kuma a kaina mutuwa ba ta bin waya. Ina jin ya ɗauka ajiye aikin zan yi. Ya ce zai duba jirgin Juma'a da yamma, ya iso Asabar da safe. Na ce Allah ya kai mu.

Da na tashi aiki na biya ta Lanham. Goggo tana yanka kuɓewa a kicin, rediyon gida yana magana a wayarta. Na kwashe duka na gaya mata, ina so wani ya ce mini na yi daidai, kuma na san gidan da zan samu haka.

Ta ce, “Ke 'yar nan, ai kin yi hankali. Tsohuwa mai ciwon zuciya ki ce mata an tono ubanta da rami a ka? In ta faɗi a hannunki fa? Ofishin da ya tura ki gidan za su ce ke ce, su karɓe lasin ɗinki, ɗan ya kai ki kotu. Bar shi ya zo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Sai ta ɗago ta dube ni da gefen ido. “Yau kin gane abin da muka yi miki ke nan.”

Na ce na gane. Ta zuba mini miya a roba na tafi da ita gida.

Laraba ta tashi da ɗan ƙarfi. Ta ci rabin ƙwai, ta yi mini faɗa a kan labule. Bayan azahar ta ce in ɗauko littafin. Na karanta mata waƙa biyu, a ta uku ta ɗaga hannu, ba don na yi kuskure ba. Ta ce ta gaji. Ta jima tana kallon hoton, sannan ta ce, “Kin san uwarsa ta rayu shekaru bayansa? Ta mutu ba ta san inda ɗanta yake ba. Uwata ma haka. Ina ga layin ya zo kaina.” Ta yi 'yar dariya. “Shekara nawa ke nan da na lashi audugar nan? Sun manta da ni, yarinya. Ko kuma yana ƙarƙashin wata sabuwar hanya, motoci suna bi ta kansa. Rigar nan in na tafi ki ba wata.”

Takardar tana aljihuna na dama, ina jin kaifin ninkinta a cinyata. Maganar ta taho har bakina. Na dubi ƙirjinta yadda yake hawa da sauka da ƙyar, na lissafa kwana uku ne kacal zuwa Asabar, ɗanta zai zauna kusa da ita ya riƙe hannunta, a sa magani a kusa, a fara daga nesa a hankali. Wadda ta yi shekara tamanin da wani abu tana jira, me kwana uku zai yi mata? Na ce, “Mama, ki yi haƙuri, ba a cire rai.” Ta ce ku da haƙurin nan naku. Na gyara mata matashi na tafi wanke kwanuka, ina jin kaina mai hankali.

Ranar Alhamis da safe na auna ta, na ba ta magani, na zaunar da ita a kujera. Na shiga kicin in dama mata hatsi. Ban fi minti goma ba. Da na fito kanta ya karkata gefe, bakinta ya ja, hannun dama ya zube daga kan bargo. Na kira motar asibiti. Kafin su iso na durƙusa a gefenta na hagu, wajen kunnen da ke ji, na sa bakina na ce, “Mama, an same shi. Sun kira. An samu babanki, da fensirinsa.” Na faɗa sau uku, na ƙarshe da ihu. Idonta a buɗe yake yana kallon wani wuri bayan kafaɗata. Ban ga komai ya motsa a fuskarta ba. Na sha so in ce na ga wani abu, amma ban gani ba. Ta cika a asibitin Largo kafin la'asar.

Ɗanta ya iso Juma'a da safe. Mutum ne mai sanyi, furfura ta fara cin kansa, yana da girar uwarsa. Muka zauna a teburin kicin, na ciro takardar na ajiye a gabansa, na gaya masa duk abin da budurwar ta ce. Ya rufe fuska da hannu ya yi kuka, kuma a cikin kukan har da wata irin dariya. Ya ce, “Ta samu. A ƙarshe ta samu. Me ta ce da kika gaya mata?”

Da na iya ƙarya a nan, da ya koma gida da abin da zai riƙe har ƙarshen ransa. Na yi wa uwarsa ƙarya a kan rufin gida ba tare da na yi tunani ba, amma wannan ta ƙi fitowa. Na ce ban gaya mata ba sai da ta faɗi.

Ya sauke hannunsa. “Yaushe suka kira?”

“Talata da safe.”

“Tana farke?”

“Tana farke.”

“Ta ji ƙarar wayar?”

“Ta tambaya wa ya kira. Na ce masu talla ne.”

Na fara yi masa bayani, likita ta ce kaza, a wurinmu ba a yin kaza, ina jiran ya zo ne don shi ne na jiki. Ina magana ina jin muryar Goggo tana fita daga bakina. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci kotu ko ofishinmu ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ke kika fi kowa sanin abin da take jira. Ni ban taɓa goge rigar ba.” Ya tashi ya shiga falo ya tsaya gaban kujerar.

Gaskiya ya faɗa. Wata ashirin da wani abu ina fito da rigar nan ina bin maɓallanta da dutsen guga, kuma duk tsawon lokacin ina ganin kayan baƙin ciki ne, abin da ake nisanta mara lafiya da shi. Ita kuwa kayan sallarta ne. Ta gaya mini da bakinta, na ji, na gyaɗa kai, amma da wayar ta zo sai abin da aka raine ni da shi ya riga ni amsawa. Abin da aka yi mini na yi wata biyu ina fushi, shi na yi mata, kuma ni an bar ni da rai na ji nawa labarin.

Daga baya, bayan an ƙone gawar kamar yadda wasunsu suke yi, ɗan ya kai tokarta ƙauyen, aka sa ta tare da ɗan akwatin ƙasusuwan mahaifinta. Ya aiko mini hoton wurin ba tare da ya rubuta komai a ƙasa ba. Littafin ma ya bar mini shi a kan teburin kicin ranar da na je mayar da makulli. Yana nan a ɗakina, ban buɗe ba tun ranar Larabar nan, alamar tana kan waƙa ta uku. Hoton mai girar nan ban san inda ya tafi ba. Shi marubucin dai har yanzu ba a samu inda aka rufe shi ba.

Amma kafin duk wannan, a yammacin Juma'ar, ina haɗa 'yan kayana, ɗan ya leƙo ɗakin ya ce masu shirya gawa sun ce a kawo kayan da za a sa mata. Bai dube ni ba. Ya ce, “Kin san inda take.”

Na buɗe durowa, can ƙarshe ta hagu, na zare ledar. Rigar ba ta yamutse ba, don ban fi sati biyu da goge ta ba. Duk da haka na kafa teburin guga na jona dutsen, na jira ya yi zafi, na fara daga wuya kamar yadda ta koya mini.